Mai Gadin Sunan Mutane

Duk wanda ya bi ta titin Ahmadu Bello ko ya ratsa Mabera a nan birnin Sakkwato zai ga 'yan shaguna inda samari da 'yan mata suke zaune gaban kwamfuta, suna yi wa jama'a rajistar layin waya, ko neman lambar NIN, ko cire kuɗi da na'urar POS. Waɗansunsu 'ya'yanmu ne, ran Lahadi suna cikin ƙungiyar mawaƙa. Amma har yanzu akwai iyayen da in yaro ya ce zai karanci tsaron intanet a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko a Kwalejin Kimiyya ta Umaru Ali Shinkafi, sai gabansu ya faɗi. Wasu na tsoron kada ya zama ɗan Yahoo, wasu kuwa sun ji ana cewa waɗannan lambobi su ne alamar dabbar da ke cikin Wahayin Yahaya. Ni a ganina wannan aiki na gadi ne, kuma ikilisiya tana bukatar masu gadi.

Bari mu fara da maganar alamar. Rubuta sunayen jama'a ba yau aka fara ba. Ƙidayar da Kaisar Augustas ya umarta ce ta kai Yusufu da Maryamu Baitalami, can aka haifi Mai Ceto. Babu wanda ake ce wa ya yi musun Ubangiji kafin a ba shi lambar NIN. Wanda ya ƙi yin rajista, kansa ya cuta, gama tun watan Disamba na 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layin waya da wannan lamba, tun 2021 kuma ɗalibi ba ya iya rajistar jarrabawar JAMB in ba shi da ita. Lambar banki ta BVN ma tun 2014 take tare da mu. Abin tsoron yana wani wuri dabam, watau hannun da yake riƙe da waɗannan bayanai.

A dā ana sanin mutum da fuskarsa da gidansu da shaidar mai unguwa. Yanzu banki ya san ka ne da lambobi goma sha ɗaya da layin wayarka. Wanda ya riƙe su ya zama kai. Mu da muke karanta Littafin Farawa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Yakubu ya sa tufafin Isuwa, ya rufe hannuwansa da fatar ɗan akuya, ya je wurin Ishaku wanda idanunsa suka dushe, ya karɓe albarkar wansa. Tsohon ya yi shakkar muryar, ya shafa hannu, duk da haka aka ruɗe shi. Ɓarawon yau dabararsa ke nan, sai dai shi ba ya bukatar shiga ɗaki.

Ga yadda abin yake faruwa. An sace wa uwargida waya a kasuwa, ita tana baƙin cikin wayar, shi kuwa ɓarawon layin yake so. Ya zare shi ya sa a wata waya, ya danna 'yan lambobi, BVN ɗinta ya fito, saƙon banki ma wurinsa yake zuwa. Kafin gari ya waye an kwashe kuɗin adashen zumuntar mata da aka ajiye a asusunta. Ko kuma wani ya kira dattijon ikilisiya da murya mai ladabi, ya ce akwai taron addu'a da za a yi ta waya da dare, an aiko masa lambobi shida, ya karanto su don a sa sunansa. Dattijo ya karanto. Nan take WhatsApp ɗinsa ya koma hannun baƙo, sai ga saƙo yana yawo da sunan Baba cewa yana asibiti, a taimaka. Mutanenmu kuwa, Allah ya yi musu albarka, ba sa jinkirin taimako. Kirkinmu ake farauta da shi.

Magance irin wannan ba ya bukatar boko mai zurfi. Kulle layi da lambar sirri, sa mataki na biyu na tsaro a WhatsApp, sanin cewa banki ba ya kira ya tambayi lambar da ya aiko maka. Amma sai an sami wanda ya sani, wanda kuma aka amince da shi, ya zauna ya koya wa tsofaffi da Hausa. Shi ya sa nake cewa yaron da ya karanci wannan fanni baiwa ce ga ikilisiya, daidai da wadda ta karanci aikin jinya.

To, ku kuma matasa da kuka riga kuka shiga aikin, maganata da ku ta fi nauyi. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai shafukan intanet da suke sayar da bayanan 'yan Nijeriya a kan Naira 100 kacal. Hukumar NIMC ta musanta cewa an fasa rumbunta. Ko ta wace ƙofa bayanan suka fita, mutum ne ya buɗe ta. Gwauruwar da ta miƙo maka takardarta a bakin shago, ta ɗora yatsunta a kan na'ura, ba ta san abin da allon yake nunawa ba, amana ta ba ka. Jarabar ba ta zuwa da ƙaho. Aboki ne zai ce ka turo masa hoton takardun mutum goma, akwai ɗan abin shan ruwa. Ko wani ya ce ka yi masa rajistar layi da sunan wani, alhali kowa a jihar nan ya san irin mutanen da suke neman layin da ba sunansu, da irin kiran da suke yi wa iyalan waɗanda suka sace. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗauri ga mai shiga rigar wani, dokar kare bayanai ta 2023 ma tana nan. Ko da babu su, doka ta takwas da ta tara cikin Dokoki Goma sun isa Kirista.

Mu shugabanni ma akwai gyara a gidanmu. Littafin baftisma, rajistar aure, jerin masu ba da zakka, lambobin wayar membobi, har hotunan katin shaida da aka tara don wani tallafi, sau da yawa suna cikin wayar magatakarda guda, ba kulle, ko a kabad ɗin da kowa yake buɗewa. A birnin da Kirista suke 'yan kaɗan, jerin sunaye da adireshin membobi ba abin da za a bari a kan tebur ba ne.

Shawarata ga majalisar dattawa ta kowace majami'a ita ce a zaɓi matashi ɗaya ko biyu masu ilimin nan, waɗanda aka shaidi halinsu, a danƙa musu kula da bayanan ikilisiya kamar yadda ake danƙa wa ma'aji kuɗi, su riƙa ba da rahoto. A kuma ba su minti goma bayan sanarwa, ko da sau ɗaya a wata, kowa ya fito da wayarsa, a fara da layin iyayenmu mata.