Gurasar Da Ƙanwata Ba Za Ta Sake Ci Ba

Ni ɗan Gyaɗi-Gyaɗi ne, kuma a gidanmu alkama ce ke buɗe rana, ita ke rufe ta. Da safe shayi da burodi, da rana taliya da manja, da daddare in Abba ya samu sarari ya taho mana da gurasa daga wajen mai tsire. Yau shekara biyu ke nan ƙanwata Ummi, 'yar shekara 15, ba ta sa ko ɗaya daga cikinsu a bakinta ba, kuma likita ya ce haka za ta zauna iya rayuwarta. Na ɗauki biro ne saboda kafin a gano ciwonta, ni na fi kowa yi mata dariya.

Tun tana firamare cikinta ke kumbura. Yau gudawa, gobe kasala, ga rama, tsararrakinta duk sun wuce ta a tsawo. Mun zaga kemis-kemis: wannan ya ce taifot ne, wancan ya ce olsa, wani ya ba da maganin tsutsar ciki. An sha jiƙe-jiƙen basir har ba adadi. Wata gwaggonmu ma cewa ta yi jifa ne. Ni kuwa na raɗa mata suna Hajiya Tsirfa, don duk ran da ta ci Indomie ta kwanta tana murƙususu, sai in ce wanke-wanke take gudu. Allah Ya yafe mini.

A Asibitin Malam Aminu Kano muka haɗu da likitan da ya tsaya ya tambayi Umma, "Hajiya, me yarinyar nan take ci kullum?" Bayan gwajin jini da ɗaukar ɗan samfuri daga hanjinta, aka ce mana cutar siliyak ce. Bayaninta a taƙaice: a cikin alkama da sha'ir akwai wani sinadari mai suna gulutin, shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo. Ga yawancin mutane abinci ne kawai. Amma mai siliyak, da ya ci shi sai garkuwar jikinsa ta far wa ƙaramin hanjinsa, ta lalata 'yan tsirarrun da ke tsotse amfanin abinci. Sai mutum ya yi ta ci jiki bai samu ba, jini ya yi ƙasa, ƙashi ya yi rauni, yaro ya tsumbure. Babu ƙwaya ko allurar da ke warkar da ita. Maganin ɗaya ne: a bar gulutin gaba ɗaya.

Na san abin da wani zai ce, don ni ma na faɗa: "Ai wannan cutar Turawa ce." To, a duniya ana ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100 na da ita. Kuma ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa samu, a Afirka aka same shi: binciken da aka wallafa a 1999 kan yaran Saharawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya ya nuna fiye da 5 cikin 100 na ɗauke da ita. Turawan ma sun daɗe ba su gane musabbabinta ba. Wani likitan yara a Holan, Willem Dicke, ya lura cewa lokacin yunwar 1944 zuwa 1945 da burodi ya yi wuya, yaran da ke fama da ciwon sun samu sauƙi, da burodi ya dawo ciwo ya dawo. Ciwon da ba a nemansa ai ba a ganinsa, sai dai a yi ta ba shi sunan wani ciwon.

Mu kuma cimarmu ta sauya. Hajiya kakarmu ta ce a zamaninsu alkama abar biki ce da salla: alkaki, finkaso, taliyar murji. Tuwon dawa da furar gero su ne na yau da gobe. Yanzu ɗalibi ya duba abin da ya ci daga jiya zuwa yau, ya ƙirga sau nawa fulawa ta shiga cikinsa.

Wani rufin asirin da Allah Ya yi mana shi ne abincinmu na gado kusan duk Ummi na iya ci: gero, dawa, masara, shinkafa, acca, wake, rogo, doya, dankali. Tuwo da miyar kuka, dambu, alale, fura, kunun tsamiya, kwaɗon zogale, babu wanda ya hana ta. Wahalar tana wajen fulawar da ke ɓuya. Ɗanwaken da ake sayarwa yanzu yawanci da fulawa ake haɗa shi. Wata mai waina takan zuba fulawa a ƙullu don ya yi auki. Man da aka soya fanke shi ake jefa ƙosai a ciki. Semovita da kuskus ɗin leda alkama ce, lemon malt kuma daga sha'ir yake. Uwa-uba injin niƙa: in an niƙa wa wani alkama, gerom da ya biyo baya ya ɗebo. Shi ya sa Umma in ta sayo hatsi a kasuwar Tarauni, na Ummi a turmi ake daka shi. Muciyarta daban, rariyarta daban, kuma duk abin da ya zo a leda ko gwangwani sai mun karanta jikinsa.

Duk wannan bai kai wuyar mutane ba. Sallar farko bayan an gano ciwon mun je gaida Hajiya a Tarauni, ta ɗauko alkakin da ta yi da hannunta. Ummi ta sunkuyar da kai ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, likita ya hana ni." Hajiya ta ce, "Ke tafi can! Ɗan gutsure ne zai kashe ki? Uwarki ma da shi na raine ta." Kunya ta sa Ummi ta karɓa ta ci. Kwana uku tana kwance, yawon sallar da ba ta yi ba ke nan. Hajiya da ta zo dubiya har da hawayenta. Da babbar salla ta zo, nakiyar shinkafa zalla ta yi mata, ta zuba a kwano daban ta ce, "Wannan ta takwarata ce, kar wanda ya taɓa."

Hajiya ba mugunta ta yi ba, ƙauna ce. A al'adarmu ciyarwa karamci ce, ƙin karɓa kuma ana ɗaukarsa girman kai ko ƙyanƙyami. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da za mu ƙara wa karamcin nan abu guda: in mutum ya ce abu kaza ba ya karɓarsa, a yarda da shi. Ba masu siliyak kaɗai ba. Akwai wanda madara ke ɓata wa ciki, akwai wanda ƙwayar gyaɗa ɗaya kan kumbura masa maƙogwaro har numfashi ya gagara, wannan kuwa in ba a garzaya asibiti ba ana iya rasa rai. Ciwukan sun bambanta, amma amsar da suke samu wajenmu ɗaya ce: "Iyayi ne kawai."

A nan makaranta fa? Duk taron da muka yi, na sashe ne ko na ƙungiya, ledar da ake rabawa cincin ne da donot da lemon malt. Ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai abu uku. A riƙa sa zaɓi ɗaya marar fulawa a rabon taro, ko da ayaba ce da dafaffen ƙwai. A zauna da masu sayar da abinci a cikin makaranta a fahimtar da su cewa in ɗalibi ya tambayi abin da aka sa a girki, ba raini ba ne, a faɗa masa gaskiya. Sannan 'yan uwana masu neman batun furojet a fannin kimiyya da girke-girke, ga acca da dawa nan suna jiran wanda zai fitar mana da burodi ko biskit daga cikinsu.

Wani zai ce ana ta abin da za a ci a wannan tsadar, wa ke ta zaɓe-zaɓe? Gaskiya ne rayuwa ta yi tsada. Amma abin da na roƙa bai fi ƙarfin aljihun kowa ba, kuma kuɗin da muka zubar a kemis shekara da shekaru kan ciwon da ba shi ba ne, ya ninka kuɗin geron Ummi.

Gargaɗi ɗaya: kar wanda ya karanta wannan ya yanke wa kansa hukunci. Ba kowane kumburin ciki ne siliyak ba. In kana zargi, ka ga likita, kuma kar ka daina cin alkama kafin gwaji, don in ka daina sakamakon na iya nuna lafiya lau alhali ciwon na nan. In an samu wani a gidanku da ita, iyaye da 'yan ɗaki su ma a gwada su, domin kusan 1 cikin 10 na makusanta kan kasance da ita. Ni an gwada ni, ba ni da ita, alhamdulillahi.

Yanzu Ummi ta yi kumari, ta kusa kamo Umma a tsawo, kuma ta ce in ta gama sakandare nan za ta nema. Rannan ina haɗa takarduna ta tambaye ni, "Yaya, a makarantarku akwai abin da zan iya saya in ci?" Na yi shiru ina lissafa rumfunan ɗaya bayan ɗaya. Ni dai watanni kaɗan suka rage mini in fita. Ku da za ku saura, don Allah ku sa kafin ta zo a samu amsar da za a ba ta.