Wa Zai Biya Tukwicin Jirgin Katar?

Ranar 21 ga Mayun 2025 ma'aikatar tsaron Amurka ta sanar cewa ta karɓi jirgin sama ƙirar Boeing 747-8 daga gwamnatin Katar, wanda aka ƙiyasta kuɗinsa ya kai dala miliyan 400, domin a gyara shi ya zama abin hawan Shugaba Donald Trump. Washegari da sassafe, bayan 'yan Majalisar Wakilai sun kwana suna kai-komo, suka amince da babban ƙudurin haraji da kashe kuɗi na shugaban da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak, 215 da 214. A cikin ƙudurin akwai zaftare kuɗin Medicaid, shirin da ke biya wa marasa ƙarfi kuɗin asibiti. Maganar lafiyar talaka an hana ido barci a kanta har aka kai ga yanke hukunci. Maganar jirgin kuwa majalisar ba ta kaɗa ƙuri'ar amincewa da karɓarsa ba, alhali ita kundin tsarin mulkin ƙasar ya ɗora wa wannan nauyi.

Dokar ba ta da wani ruɗani. A sashe na tara na babin farko, kundin da aka rubuta a 1787 ya haramta wa duk mai riƙe da muƙamin amana karɓar kyauta ko lada ko sarauta daga wani sarki ko wata ƙasa, sai da yardar majalisa. Waɗanda suka rubuta wannan sun san abin da suka gani. Lokacin da Benjamin Franklin zai baro Faransa a 1785 bayan ya gama aikin jakadanci, Sarki Louis na 16 ya yi masa kyautar hotonsa da aka kewaye da ɗaruruwan duwatsun lu'ulu'u, kuma sai da majalisar wancan zamani ta ba shi izini kafin ya riƙe. Shugaba Martin Van Buren ya sami zakuna biyu daga Sarkin Maroko, da dawaki da lu'ulu'u daga mai mulkin Oman, ya miƙa maganar ga majalisa, aka sayar da dabbobin aka zuba kuɗin a baitulmali. A shekarar da jirgin Katar ya zo, dokar kyautar ƙasashen waje ta 1966 ba ta yarda jami'in gwamnati ya riƙe wa kansa abin da ya wuce dala 480 ba.

Masu kare shugaban suna da hujjojinsu, kuma ba duka ne na banza ba. Jiragen da shugabannin Amurka ke hawa sun fara aiki tun 1990. An ba kamfanin Boeing kwangilar dala biliyan 3.9 a 2018 ya kawo sababbi guda biyu, wa'adi ya wuce bai kawo ba. Sun kuma ce kyautar ƙasa ce ga ƙasa, kamar yadda Faransa ta ba Amurka mutum-mutumin nan na 'yanci da ke bakin ruwan New York. Sai dai wancan mutum-mutumin majalisa ta amince da karɓarsa a 1877, kuma yana nan inda aka kafa shi har gobe. Jirgin Katar kuwa, bisa tsarin da aka bayyana, za a miƙa shi ga gidauniyar ɗakin tarihin Trump idan wa'adin mulkinsa ya ƙare. Shugaban ya ce ba zai riƙa hawansa ba bayan ya sauka. Ko an yarda da hakan, kyautar da ta zo da zuwan mutum, za ta kuma tafi da tafiyarsa, da wuya a ce ba don shi aka yi ta ba.

Musulmi ya san wannan ma'auni tun a makarantar zaure. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi (SAW) ya aika karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ware wani kaso ya ce wannan kyauta aka yi masa. Manzon Allah ya hau mumbari ya yi tir da haka, ya nuna cewa mutum ya zauna a gidan iyayensa ya gani ko kyautar za ta iske shi a can. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma, a cikin Kitabul Farƙ, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin ɗabi'un da ya soki sarakunan ƙasar Hausa a kansu. Tambayar guda ce a kowane zamani: da ba ya kan kujerar, za a ba shi?

Da 'yan jarida suka matsa wa Trump, cewa ya yi sai wawa ne zai ƙi jirgi mai tsada da aka ba shi kyauta. Wannan magana ta fi jirgin kansa tayar mini da hankali, domin ta mayar da kamun kai wauta. Kuma jirgin ba kyauta ba ne ko ta fuskar kuɗi. Dole a kwance shi a bincika ko an dasa masa na'urar leƙen asiri, a saka masa hanyoyin sadarwa na sirri da kariya daga makamai. Sakataren rundunar sojin sama, Troy Meink, ya gaya wa majalisa cewa aikin ba zai kai dala miliyan 400 ba, wasu masana suka ce zai iya doshi biliyan guda. Ko nawa ne, daga aljihun mai biyan haraji zai fito.

Bahaushe ya ce yaba kyauta tukwici, kuma a tsakanin ƙasashe tukwicin ba sule biyu ba ne da ake miƙa wa ɗan aike. Katar tana da buƙatu a wurin Amurka. A ƙasarta ne sansanin Al Udeid yake, mafi girman sansanin sojin Amurka a Gabas ta Tsakiya. A watan Yunin 2017 Trump da bakinsa ya zargi Katar da ɗaukar nauyin ta'addanci. A ƙarshen Afrilun 2025, makonni biyu kafin ya kai ziyara yankin, kamfanin iyalinsa ya shiga yarjejeniyar gina filin wasan golf da gidajen alfarma a Simaisma, cikin wani aiki da kamfanin gwamnatin Katar, Qatari Diar, ke jagoranta. Ministar shari'a ta lokacin, Pam Bondi, wadda aka ruwaito ta sa hannu a takardar da ta halasta karɓar jirgin, ta taɓa yi wa Katar aikin kamun ƙafa a Washington. Sannan bayan Isra'ila ta kai hari Doha a watan Satumba, Trump ya sa hannu a wani umarni da ya ce Amurka za ta ɗauki hari kan Katar a matsayin barazana ga tsaronta.

Wataƙila wannan umarni daidai ne. Katar ta yi ɗawainiyar shiga tsakani a yaƙin Gaza, kuma ƙasar da aka kai wa hari tana cikin aikin sulhu ta cancanci a tsaya mata. Amma daga ranar da jirgin ya sauka, babu Ba'amurken da zai iya rantsuwa cewa maslahar ƙasarsa ce kaɗai ta sa aka yanke wannan shawara. Wannan ita ce ɓarnar kyauta ga mai mulki: tana jefa shakku har a kan aikinsa na ƙwarai. Ba kuma matsalar jam'iyya ɗaya ba ce. Tsohon Sanata Bob Menendez ɗan Democrat ne, kuma a Janairun 2025 aka yanke masa ɗaurin shekara 11 saboda sandunan zinariya da tsabar kuɗi da ya karɓa, a shari'ar da sunan Masar da na Katar suka fito.

Yanzu a dubi ɗaya ɓangaren. Medicaid tun 1965 yake, zamanin Shugaba Lyndon Johnson. Mutum kimanin miliyan 70 ne ke dogaro da shi, kuma shi ke biyan kuɗin haihuwa kusan huɗu cikin kowace goma a Amurka. Dokar da Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025, bayan Mataimakinsa JD Vance ya raba gardamar 50 da 50 a Majalisar Dattawa, za ta rage wa shirin sama da dala biliyan 900 cikin shekara goma. Ofishin kasafin kuɗi na majalisa, wanda ba na kowace jam'iyya ba ne, ya ƙiyasta cewa ƙarin mutum miliyan 10 za su kasance ba su da inshorar lafiya nan da 2034, kuma duk da wannan tsimi dokar za ta ƙara wa ƙasar giɓin dala tiriliyan 3.4, saboda rangwamen harajin da masu hannu da shuni za su fi cin moriyarsa.

Ba ina cewa kuɗin jirgin zai iya toshe wannan rami ba. Miliyan 400 a gefen biliyan 900 ba a bakin komai take ba. Abin da ya haɗa maganganun biyu shi ne wa ake zargi, wa kuma ake yi wa kyakkyawan zato. Sabuwar dokar ta ce miliyoyin manya masu shekara 19 zuwa 64 sai sun nuna shaidar aiki ko karatu ko hidimar al'umma na awa 80 a wata, kuma za a sake tantance su duk wata shida maimakon sau ɗaya a shekara. Hujjar da aka bayar ita ce hana maguɗi da zaman kashe wando. Alhali kusan kashi biyu cikin uku na waɗannan mutane suna aiki, akasarin sauran kuma ko dai ba su da lafiya, ko suna jinyar wani, ko suna makaranta. An ma gwada wannan tsari a jihar Arkansas a 2018. Mutum kusan 18,000 suka rasa inshorarsu cikin 'yan watanni, da yawansu saboda ba su san da dokar ba ko sun kasa cike bayanai ta intanet, kuma binciken masana na Jami'ar Harvard bai ga wani ƙarin samun aiki ba. Kotu ta dakatar da shi a 2019.

Ke nan matar da ke wanke kwanuka a gidan abinci, wadda awanninta ke hawa da sauka yadda mai gida ya ga dama, za ta riƙa tattara takardu tana tabbatar da gaskiyarta kafin ta ga likita. In ta makara da takarda ɗaya, maganin ciwon sukarinta ya tsaya. Mutumin da ya fi kowa iko a ƙasar kuwa an ce a yarda da shi haka nan, ba tantancewa, ba ƙuri'a. Gwamnatin da ke tsoron kada talaka ya ci abin da ba haƙƙinsa ba ya kamata ta fara da auna babba da wannan mudun.

Abin takaicin shi ne 'yan jam'iyyar shugaban sun ga matsalar. Sanata Ted Cruz ya yi gargaɗi kan haɗarin leƙen asiri a jirgin, Rand Paul ya ce karɓarsa bai dace ba. Sanata Josh Hawley ya rubuta a jaridar New York Times cewa yanke wa talaka Medicaid laifi ne ta fuskar ɗa'a, sannan da ranar ƙuri'a ta zo ya goyi bayan dokar. Sanata Thom Tillis, wanda ya ƙi amincewa saboda abin da za ta yi wa mutanen jiharsa ta North Carolina, ya sha barazana daga shugaban, ya kuma sanar cewa ba zai sake tsayawa takara ba.

Majalisa tana da ikon ta kawo maganar jirgin zaure, kowane ɗan majalisa ya ɗaga hannu ko ya sauke, sunansa ya shiga kundi, kamar yadda aka yi a zamanin Van Buren kan dawaki da zakuna. In sun yarda kyautar halal ce, su faɗa da ƙuri'arsu. Sharaɗin awa 80 kuwa an tsara ya zama dole a kan jihohi daga farkon Janairun 2027, watanni biyu bayan zaɓen 'yan majalisa na Nuwamban 2026, yadda galibin waɗanda abin zai shafa za su kaɗa ƙuri'a kafin takardar dakatar da inshorarsu ta iso gida.