Matirik ba yaye ba ne

Wata maƙwabciyata a Sabonjida ta shigo da murna, wai in taya ta addu'a, ɗanta "ya gama" UDS. Na ce: "Hajiya, yaron da ya tafi Nyankpala wata biyu da suka wuce?" Ashe hotonsa ta gani cikin doguwar rigar jami'a, ranar matirik.

Ban ga laifinta ba. Kalmar ce muka aro ba mu fassara ba. Asalin matirikileshan daga Latin ne, "matricula", wato ɗan kundin sunaye. Ma'anarta a shigar da sunanka cikin rajistar jami'a, ka yi rantsuwar bin dokokinta. Farkon karatu ke nan. A Afirka ta Kudu kuwa matirik na nufin shekarar ƙarshe ta sakandare, to ka ga ruɗanin ba namu kaɗai ba ne.

Abin da ke damuna shi ne kuɗi. Takardar gurbin karatu tayi ce kawai. Sai an biya kuɗin makaranta, an yi rajista, an rantse, sannan yaro ya zama ɗalibi. Amma sai ka ga an yanka rago, an ɗinka anko, alhali kuɗin ɗaki bai cika ba, ga shekara huɗu a gaba.

Ina roƙon masu shirin Hausa a rediyoyin Tamale, da mu malamai, mu riƙa cewa "rantsar da sabbin ɗalibai". "Yaye" a bar wa ranar karɓar digiri. Da haka Hajiya ta ji tun farko, da ragonta na nan a turke.