Mai Neman Aiki Ya Yi Koyi Da Ɗan Ci-rani

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Kwanar Dangora ta ratsa Tudun Wada ta kutsa Dajin Falgore zuwa Doguwa, in dai yana tsayawa ya sha shayi ya saurari hirar jama'a, lalle ya san samarin nan da suka gama jami'a, suka yi bautar ƙasa, alawus ya yanke, suka dawo gida da takardun shaida cikin ambulan, shekara uku ko huɗu suna jiran kiran da bai zo ba. Mas'alar da nake so mu duba ita ce, shin ya kamata irin wannan saurayi ya kama aikin wucin gadi, ko kuwa ya tsare martabar iliminsa har Allah Ya kawo wanda ya dace da shi?

A ganina ya kama, kuma ya kama da hannu biyu. Na ga wani a kasuwar Tudun Wada, wanda ya karanta ilimin tsimi da tanadi, yana zaune bisa buhun shanshera, biro a maƙale a kunne, ƙaiƙayi ya yi masa fari a gira, yana rubuta wa wani dillali adadin buhunan da aka kai injin casa da waɗanda matan da ke turara shinkafa suka karɓa bashi. Abokansa na majalisa suna yi masa ba'a, wai digiri ya ƙare a awo. Amma da magariba ta yi shi ne ya shiga gida da cefane, su kuwa suka shiga da yunwa da labarin siyasa. Girman kai rawanin tsiya ne.

Malamanmu sun karantar da mu cewa neman halal ibada ne, kuma Annabawa, waɗanda suka fi kowa daraja a wurin Allah, ba su ƙyamaci ƙwadago ba: Annabi Musa, Alaihis Salam, ya yi kiwo a Madyana shekaru masu yawa bisa ijara, Fiyayyen Halitta, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki don lada, ya kuma yi fatauci da dukiyar Nana Khadija kafin wahayi ya sauko masa. In kuwa misali na kusa ake so, ga Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya tashi maraya yana almajirci, ya bi fatake hanyar Gwanja neman goro, bai rasu ba a 1955 sai da sunansa ya game Afirka ta Yamma wajen arziki.

Amma fa akwai sharaɗi, kuma a nan ne nake kiran samarinmu su dubi hikimar kakanninsu 'yan ci-rani. Manomi yakan bar ƙauye bayan kaka, ya tafi birni ya yi ga-ruwa ko dako ko yankan farce, ba don ya mance da gonarsa ba, sai don ya tsimi hatsin rumbu ya kuma samo kuɗin iri; da hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ya ɗaure kayansa ya koma. Wato ya shiga da niyya, ya yanka wa kansa wa'adi. Haɗarin aikin wucin gadi shi ne ya cinye mutum da sannu, ya fita da asuba ya dawo bayan isha'i a gajiye, a buɗe guraben aiki a intanet a rufe bai ji ba, abin da ya karanta ya dushe, har shekarun da ake ƙayyadewa wajen ɗaukar ma'aikata su wuce shi. Waɗanda suka shiga shirin N-Power da aka fara a 2016, suna karɓar naira 30,000 a wata, suka ɗauka dawwamamme ne, sun ga yadda aka yaye su.

Saboda haka wanda ya sami koyarwa a makarantar kuɗi, ko riƙe lissafin masunta a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ko noman rani a ƙasanta, ya keɓe yini ɗaya a mako don neman abin da ya fita nema, ya riƙa bitar karatunsa, ya ajiye wani abu komai ƙanƙantarsa, ya kuma buɗe ido ya koyi sirrin sana'ar, domin sau da yawa abin da aka kama don wucin gadi shi ke zama jari. Masu ɗaukarsu aiki kuma su ji tsoron Allah, kada su mai da larurar yaro hujjar tauye masa haƙƙi.

Ku kuma iyaye, in kun ga ɗanku ya ajiye takarda ya ɗauki littafin dillali, ku sa masa albarka, kada ku ce ya ba ku kunya.