Kada A Sa Guduma A Kan Abin Da Zai Ba Yara Ilmi

Garin Zungeru ba baƙo ba ne ga harkar aika saƙo. Can Gwamna Lugga ya kafa hedkwatar Arewa a 1902, ta wayar tangaraho kuwa ake aika umurni zuwa larduna, kafin a kwashe zuwa Kaduna. Yau garin yana da kwalejin fasaha ta Jihar Neja, ga kuma madatsar ruwa mai ƙarfin megawat 700 a kan Kogin Kaduna. Kusa da shi, a Minna, akwai jami'ar fasaha ta tarayya wadda aka kafa a 1983.

To, yaron da ke koyon aikin sadarwa a irin waɗannan makarantu, littafi kaɗai ba ya isarsa. Sai ya taɓa na'ura da hannunsa. Ɗaya daga cikin masu wuyar samu ita ce amfilifayar maikurowef, watau akwatin da ke ƙara wa saƙon rediyo ƙarfi don ya kai daga hasumiya zuwa hasumiya, ko ya haura zuwa tauraron ɗan Adam. Sabuwarta daga Turai ko Amurka take zuwa, da dala ake biya. Saboda haka mai ƙaramin ƙarfi ba shi da zaɓi sai ta gwanjo.

Nan ne maganar ta shafi 'yan Arewa mazauna Ikko. Ƙasar nan ta daɗe tana tara irin waɗannan na'urori, tun buɗe tashar Lanlate a 1971, har zamanin NITEL, wanda aka miƙa kadarorinsa ga sabon mai shi a 2015. Ga kuma tsofaffin kayan da jiragen ruwa ke saukewa, su ratsa ta kasuwar Alaba. Da yawansu a hannun 'yan gwangwan suke ƙarewa, a fasa, a cire jan ƙarfe, a auna a sikeli. Kuɗin kilo nawa ne, in an gwama da kuɗin na'ura mai aiki?

Ban da hasarar kuɗi, akwai ta lafiya. Wasu daga cikin na'urorin nan suna da wani farin tangaran mai sinadarin beriliyam, wanda ƙurarsa ke lalata huhu in an daka shi. Garin neman gira kada a rasa ido.

Mai saye shi ma sai ya buɗe ido, gama araha ba ta ado. Irin masu kwalba a ciki, kwalbar tana da ƙayyadadden rai, kuma ita ce mai tsadar. Tana aiki da wutar da ta kai bolt dubbai, wadda kan kashe mutum nan take. Kada a biya kuɗi sai gwani ya kunna, ya auna ƙarfinta. Kada kuma a watsa saƙo da ita sai da lasisin hukumar sadarwa ta NCC.

Kamata ya yi shugabannin 'yan gwangwan a Ikko su riƙa ware duk akwatin da ya zo da lamba da sunan kamfani, su nemi injiniya ya duba kafin a fasa. Makarantun Zungeru da Minna kuma su aiko da wakili ya san dillalan. Mai kaya ya sami riba, yaro ya sami abin koyo. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.