Mudu Biyu Na Masu Banki

Jama'a, ku zo ku ji yadda ake auna gonar talaka a Amurka, ƙasar da ake ce mana kowa ya ƙoshi.

Daga 1981 zuwa 1986 kuɗin gona a jihar Ayowa ya faɗi da kashi 63 cikin ɗari. Manoman da suka jinginar da gonakinsu na gado suka wayi gari bashi ya fi gonar tsada. Da kuka ya yi yawa, a 1986 Majalisa ta yi wa manomin da ya karye doka, wadda ake kira Babi na 12. A ce bashin dala 500,000 ne, gonar kuwa 300,000 za ta yi. To, 300,000 ɗin kaɗai ke da jingina, manomi ya riƙe gonarsa ya biya sannu a hankali. Ragowar sai ta bi sahun sauran basusuka, ya biya abin da ya iya cikin shekara 3 zuwa 5, a yafe saura.

Ashe duk rigimar tana wurin mudu. Wa zai faɗi kuɗin gonar? Ran da manomi ya ce zai riƙe abinsa, mai banki ya kawo gwaninsa ya rantse ƙasar nan zinariya ce. Ran da aka buga gwanjo kuwa, sai ka ji shi yana taya ta da arha. Gona ɗaya, mudu biyu!

A 1997 Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar wani mai babbar mota, Rash. Shi ya ce a gwanjo motar dala 31,875 za ta yi, masu bashi suka ce 41,000. Kotu ta ce wanda ya riƙe kayan jingina, da kuɗin da zai sayi irinsu za a auna masa. Da wannan mudu ake auna taraktar manomi. Wato banki ya sami abin da ba zai taɓa samu ba in da ya ƙwace kayan. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Mu dai maganarmu ɗaya ce. Da masara da waken da gona ta ba da za a biya bashin nan, saboda haka a auna ta da abin da take bayarwa. Mai banki da idonsa ya ga gonar kafin ya ba da rance. In an yi asara, ya ɗauki rabonsa.