Martani: Kanwa Ba Maganin Tsamin Ruwan Kifi Ba Ce

Marubucin da ya ce masu kiwon kifi a Birnin Ƙonni su watsa kanwa idan ruwa ya yi tsami, shawararsa kashe kifi za ta yi. Gaskiya ne kanwa na ɗaga ma'aunin pH, amma farat ɗaya take yi. Tsakanin 6 da 7 bambancin tsami ninki goma ne, kifi kuwa ba ya jure canjin gaggawa. Ma'aunin na haura 9, amoniyar kashin kifi ta zama guba, sai ka ga karfasa ta taso sama tana haki.

Za a ce kanwa na da araha. To, dutsen farar ƙasa da ake yin siminti da shi a Malbaza fa? A farfasa shi, a wanke, a ɗaure cikin buhu a nutsa. Narkewarsa na ƙaruwa ne idan tsami ya ƙaru, shi ya sa yake riƙe ma'aunin tsakanin 7 da 8. Mai ƙorafin jinkirinsa ya sani jinkirin ne ke tsare kifin. Tsamin kuma daga ragowar abinci da dagwalo yake tasowa, don haka a rage ciyarwa, a riƙa canza ruwa kaɗan-kaɗan.